Dutsen Niƙan Iya Asibi

Maitama, Abuja
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Gwaggo Fadima,

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaishe ki da ladabi, da fatan damina ta same ku lafiya, ke da mutanen Tungar Gwaska baki ɗaya. Mu nan lafiya lau. Abba kullum yana ofis, Mami ma haka, ni kuma muna shirin jarrabawa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko a waya sai an yi ta cewa "Kauthar, ɗaga murya." Abba ya ce wayarku ba ta shiga sai an hau tudun makaranta, kuma Malam Maharazu yana kawo doya kasuwar Gwagwalada duk mako, direbanmu yana haɗuwa da shi a can. Shi ne na ce bari in rubuto. A takarda bakina ya fi buɗewa.

Jikin Iya Asibi da sauƙi. Kumburin ƙafar ya saɓe, likita ya ce jinin ma ya sauka. Abba ya ba ta ɗakin ƙasa mai sanyi, ga talabijin, ga katifa mai laushi, kuma ya hana ta taɓa komai. Rannan ta ɗauki tsintsiya, ya karɓe, ya ce, "Iya, kin gama wahala a duniya." Ta koma ta zauna.

Amma Gwaggo, Iya ta yi shiru. Wuni take a bakin taga tana kallon katanga. Idan na kai mata kunu ta ce, "Sannu ƙawata," shi ke nan har magariba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ina 'yar firamare muka zo wurinku babbar sallah, na farka da safe na ji ta tana niƙa a bayan ɗaki, tana wata doguwar waƙa mai sunayen mutane. Har yau sautin yana kaina, amma kalmomin sun gudu. Na tambayi Abba, ya ce tarihin gidanmu ne kaf a ciki, tun daga waɗanda suka sari garin, sai dai shi suna ɗaya ya riƙe, wai Tambai. Na ajiye wayata a gaban Iya, na kunna rikoda, na roƙe ta ta yi mini. Ta kalli wayar, ta ce, "Wace waƙa?"

Gwaggo, idan ta manta, wa ya rage?

Kuma don Allah kada ki yi mini dariya: a cikin waƙar akwai yadda suka haɗu da Kaka Badaruddeen? Ni dai na riga na tsara nawa. A bakin rafi ne, tuluna a ka, shi kuma a kan doki.

'Yarki,
Kauthar


Tungar Gwaska, bayan Abaji

Zuwa ga 'yata Kauthar,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi har na karanta wa maƙwabta gaisuwar. Muna lafiya. Doya ta yi yabanya mai kyau, dawa ta kai gwiwa, sai dai ɓeraye sun dame ni a rumbu, ga akuyar Iya ta haifi biyu. Ki gaya mata, ko za ta yi murmushi.

Doki! Kauthar, littattafan nan na soyayya sun gama da ke. Kakanki ko jaki bai mallaka ba sai da aka haifi ubanki. Labarinsu yana cikin waƙar, amma ba ni zan ɓata miki ba.

Iya ba mantawa ta yi ba, ko in ce ba duka ta manta ba. Ke ce kika tambaya a inda ba a tambaya. Tun ina yarinya ban taɓa jin ta yi waƙar nan a zaune ba. Sai ta durƙusa, dawa na ƙarƙashin dutse, hannu ya tafi ya dawo, sannan bakin ke buɗewa. Ko biki aka roƙe ta sai ta ce ba ta iya ba, kuma ba ƙarya take ba. Ita ma a wurin surukarta ta koya, a kan wannan dutsen. Tambai da kika ji, ita ce ta ɗauko shi a ka daga arewa shekarar da fara ta cinye musu gero, ta dire shi a gindin gwaskar da aka sa wa garin sunanta. Duk matar da ta gaji dutsen sai ta ƙara baitin zamaninta: wanda aka haifa, wanda ya rasu, shekarar da rafi ya ci gona, shekarar da hanya ta zo.

Ni ban iya ta ba. Ina tasowa inji ya shigo gari, kowa ya kai niƙansa can, Iya kaɗai ta ƙi. Abin da na riƙe amshi ne kawai, shi ma don ni ce mai zuba mata tsaba.

Ban ce a dawo da ita ba, tunda ubanki Zulkifilu ya ce asibiti ya fi kusa da ku. Shi ne namiji, shi ne mai mota. Kuma ba na jin tana kewata. Ni 'yar fari ce, kin san al'ada, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Waccan" nake, ko "ke". To wanda ba a kiran sunansa, da wuya a nemi shi.

Ki riƙa shafa mata man kaɗanya a ƙafa. Na ba Maharazu a cikin gwangwani.

Gwaggonki,
Fadima


Maitama, Abuja

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Man kaɗanya ya iso, na gode. Da na gaya wa Iya zancen akuya ta ce, "Jar ko baƙar?" Wannan ce tambaya ta farko da ta yi tun zuwanta! Na ce ban sani ba, ta ce, "Ke dai ba ki san komai ba, ƙawata." Wallahi daɗi na ji.

Takardarki na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Tambai! Dutse a ka, daga arewa! Na kwana ina ganinta a raina, doguwa, baƙa, ba ta waiwaye. Duk littattafan da ke ƙarƙashin matashina babu mace kamarta.

Na gwada dabara. Na kai Iya kicin, na zuba dawa a bilenda na kunna. Ta toshe kunne ta ce a fitar da ita daga wurin wannan aljanin. Na kawo ƙaramin turmin da muke daka yaji, ta ce, "Wannan ai na wasan yara ne." To na gane. Dutsen ne.

Gwaggo, don Allah ki aiko da dutsen Iya. Malam Maharazu zai iya sa shi a bayan mota tare da doya. Ai Iya ba za ta ƙara buƙatarsa a can ba, kuma na ga ya fi kyau ya zo hannunmu tun lokaci bai ƙure ba. Ban gaya wa Abba ba tukuna, yana da abubuwa da yawa a kansa kwanakin nan. Ki yi sauri don Allah.

Ina rubutu a gurguje, gobe muna da lissafi.

Kauthar


Tungar Gwaska

Kauthar,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba.

Takardarki ta zo ranar kasuwa. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Na kasa ba Maharazu amsa a wancan makon, da na bayansa.

Ki gaya mini gaskiya don girman Allah. Uwata tana da rai?

A garin nan dutsen mace ba ya fita daga bayan ɗakinta tana numfashi. Ranar da aka ga an ciccibo shi, to an yi sadakar bakwai ne, ana miƙa shi ga mai gado. Ke kuma kin rubuto cewa ba za ta ƙara buƙatarsa ba, a kawo tun lokaci bai ƙure ba, ubanki yana da abubuwa a kansa. Me kike so in ɗauka?

Na hau tudun makaranta da ruwan sama a kaina na kira Zulkifilu. Ya ce, "Lafiya lau, Yaya, ina mitin." Na ce a ba ni ita, ya ce ba ya gida. Na sake hawa washegari, ya ce tana barci. Haka ya ce mini "lafiya lau" lokacin da Baba yake kwance a asibiti, sai motar gawarsa na gani a ƙofar gida. Shi a ganinsa tausayi ne. Na so in taho, to rafi ya cika, babur ba ya ƙetarewa, Maharazu kansa a ka ake fito masa da doya, ga gona ba mai duba mini.

Idan tana raye kuma kun yanke ba za ta dawo ba, shi ma ku faɗa mini. Shekara da shekaru ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke cire mata ƙaya. Ban isa a yi shawara da ni ba, sai dai a aiko yarinya ta karɓi dutse?

Ba zan tura shi ba. Jiya na je na share wurin, na tarar ciyawa ta fara fitowa a gefensa.

Fadima


Maitama, Abuja
Watan Agusta

Gwaggona,

Iya tana da rai. Iya tana da rai, Gwaggo. Na fara da wannan kafin gaisuwa don kada ki karanta layi ɗaya cikin tsoro. Yanzu haka tana gefena tana ɓare gyaɗar da na sato mata daga kicin. Na shafa mata shuɗin biro a babban yatsa ta dangwala a ƙasan takardar nan, ki duba, za ki ga tabon lauje da ya raba yatsan biyu.

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Wallahi ban san al'adar ba. A Abuja aka haife ni, ni dutse dutse ne a wurina. Da na ce ba za ta buƙace shi a can ba, nufina tunda tana nan. Abubuwan da ke kan Abba kuwa aikin ofis ne. Na yi kuka har Mami ta zaci jarrabawa na faɗi. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga, kunya ta hana ni, shi ya sa kika ji shiru. Na san shirun ma ya ƙara miki ciwo.

Na kai wa Abba takardarki. Ni da ban taɓa tsayawa gabansa da magana ba, ranar na tsaya. Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido. Ya ce, "Ni na zaci hutar da su nake, su biyun." Ya ce zai kira ki, ki hau tudu ranar Juma'a bayan la'asar, zai sa miki Iya.

Amma akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, tunda ɓoye-ɓoye ne ya kawo mu nan. Mantuwar tana ƙaruwa. Shekaranjiya na shiga da kunu ta ce, "'Yar wa ce ke?" Zuwa yamma ta gane ni. Likita ya ce abin tsufa ne, wata rana da haske, wata rana babu.

Ba zan ƙara roƙon dutse ba. Ina dai jin tsoro kada Tambai ta tafi tare da ita, mu rage ba mu san daga inda muka fito ba.

'Yarki mai laifi,
Kauthar


Tungar Gwaska

'Yata Kauthar,

Na ga yatsan. Na ji muryarta ranar Juma'a, ko da yake abin da ta ce kawai, "An ɗaure akuya?" Alhamdu lillahi. Ki share hawayenki, ba ki da laifi. Laifin namu ne da ba mu gaya muku komai ba, muka bar ku da littattafan doki.

Na yi shawara da tsofaffin gari. Sun ce uwar dutse ce ba ta tashi. Ɗan dutsen, na hannu, wanda ake murzawa da shi, mata kan tafi da shi idan za su kwana a gona lokacin girbi. To ga shi nan na naɗe a tsohon zanenta, da dawa ja ta rumbunmu, kada ki zuba mata ta kanti. Ki nemi faffaɗan dutse ko wane iri ne, ki sa a ƙasa, ba a kan tebur ba. Kada ki ce mata ta yi waƙa. Kada ki nuna mata waya. Ki zuba tsaba ki yi shiru, ai shirun kin iya.

Aro ne na ba ki. Uwarsa tana jiransa.

Gwaggonki


Maitama, Abuja

Gwaggo! Gwaggo!

Gaisuwa, kowa lafiya, ki yi haƙuri ba zan iya jan gaisuwar ba yau.

Saƙo ya iso. Andrew, mai kula da furannin gidanmu, shi ya ciro mini wani faffaɗan dutse daga cikin waɗanda aka jera don ado a gaban gida. Ya ce, "Ƙaramin madam, idan oga ya tambaya, ni ban gan shi ba, ban san shi ba." Muka kai bayan kicin, inda ake shanya.

Asabar da hantsi na fito da Iya shan iska. Na ajiye ƙunshin a cinyarta ban ce komai ba. Ta kwance. Gwaggo, yatsunta suka faɗa cikin lotsawar dutsen kamar an auna. Ta shinshina shi. Ta dubi na Andrew ta ce, "Wannan wane malalacin dutse ne? Ko ƙoda shi ba a yi ba." Amma ta sauka daga kujera da kanta, ta durƙusa. Na zuba dawa. Wayar tana cikin aljihuna tana ɗaukar murya.

Da farko ƙarar dutse kawai. Sai wani sauti daga hanci. Sai na ji:

"Tambai ta taso, fara ta ci gero,
dutse a kai, goyo a baya,
ta ce inda gwaska ta yi inuwa, nan ne gida."

Muryar ba irin ta ɗakin sanyi ba ce, wata ce daban, mai ƙarfi. Abba ya fito da waya a kunne zai yi faɗa, ya ga uwarsa a durƙushe, ya buɗe baki. Na kama hannun rigarsa. Ni, Gwaggo! Ya kashe wayar ya tsuguna a kan tayil da farar shaddarsa.

Amma ga abin da ya faru. Duk ƙarshen baiti sai ta ɗaga dutsen ta tsaya, ta karkata kai gefen dama, tana jira. Ban gane ba. Ta ci gaba, ta yi na rijiyar farko, ta yi na shekarar da rafi ya tafi da rumbuna, ta sake tsayawa. Kowane tsayawa yana fin na baya tsawo. Sai a lokacin na tuna layin da kika rubuta tun farko, wanda ban kula da shi ba don ina ɗokin labarin Tambai: amshi. Na dubi Abba, ya girgiza kai, bai sani ba.

Ta kai kan Kaka. Ashe ba rafi, ba doki! Wai kullum sai ya biyo ta bayan gidansu ya ce ƙishirwa yake ji, alhali rijiya tana ƙofar gidan ubansa, har ta gaji ta ba shi ruwan da aka wanke dawa, ya shanye ya ce a ƙaro. Abba ya yi dariya da hawaye. Ni kuwa na ga duk littattafaina babu wanda ya kai wannan.

Daga nan ta tsaya, tsayawa mai tsawo. Ta dubi dama, inda mai zuba tsaba ke zama. Ni ce a wurin, amma ba ni take nema ba. Ta waiga bayanta, ta waiga ƙofa. Sai ta ɗaga murya, yadda ake kiran wanda ke bayan ɗaki, ta ce:

"Fadima! Ina kika shiga ne? Ki amsa mini mana!"

Abba ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ba ta ƙara ko baiti ɗaya ba. Ta goge ɗan dutsen da gefen zane, ta naɗe, ta ce, "Waƙa ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. Ku mai da yaron nan wurin uwarsa." Abba ya ce, "To Iya, za a ba Maharazu." Ta ce, "Wa ya ce maka Maharazu? Ni zan kai shi."

Abba ya yi magana da likita. An yarda ta koma, da sharaɗin magani a kan lokaci, kuma a riƙa kawo ta Gwagwalada ana dubawa. Da zarar rafi ya janye za mu taho. Mun samu hutu, na roƙa a bar ni in zauna wurinku har a koma makaranta, an yarda. Rabin waƙar yana wayata, har zuwa auren Kaka. Sauran, da haihuwarki, da ta Abba, yana wurinku ku biyu.

Ki rubuto mini amshin in fara haddacewa.

'Yarki,
Kauthar


Tungar Gwaska

'Yata,

Muna lafiya. Rafi ya fara ja da baya, jiya babur ya ƙetare.

Na cire ciyawar. Na kira mai ƙoda dutse ya gyara uwar, na shafe ɗakin Iya, na ɗaure akuya. Ki gaya mata baƙar ce ta haihu.

Amshin ba zan rubuto ba. Na gwada, a takarda ya zama kamar ba shi ba. Ki zo ki durƙusa kusa da ni ki ji. Ki yanke farce, ki taho da zanen da ba kya tausayi, don hannunki zai yi kanta kafin ki koma. Wayar ma ki taho da ita, ba na faɗa da ita, amma wannan karon a baki za mu riƙe, ni da ke. Akwai baitin da ba a yi ba tukuna, na shekarar da ɗan dutse ya je Abuja ya dawo. Tunda ke ce mai tsara labari, ki fara tunani.

Takardarki tana cikin ɗankwalina. Wurin nan guda na karanta har maƙwabciyata ta ce ko wani ne ya rasu, na ce a'a.

Kauthar, da ta kira, yaya ta faɗe shi? Ta ja ƙarshen ne, ko a taƙaice, kamar mai faɗa?

A'a, bari. Kada ki rubuto. Zan makara da amshin da gangan, in ji da kunnena.

Gwaggonki,
Fadima